Faratan Robar da Na Cire wa Autata

Ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata ce ke rubutawa ina faɗa, in kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biro ta jira ni. Labarin autata nake so a rubuta, da sana'ar gyaran farce da ta je Yelwa koyo, da yadda na kore ta daga gida wata ranar Alhamis don ina tsoron kada ta rasa salla. Mutanen garinmu sun san a hanya ta rasu. Abin da na gani wurin wankanta ne ba su sani ba, sai ni da mata biyu, ɗayarsu ma ta riga mu gidan gaskiya.

Garinmu ɗan ƙaramin gari ne na masunta a bakin tabki, tsakanin Wara da Yelwa. Mijina masunci ne, ni kuma bandar kifi nake yi tun ina amarya. Haihuwa tara na yi, huɗu suka rayu. Maza biyu sun bi ruwa sun yi kudu, ba a ganinsu sai da salla. Babbar mace tana aure a Shanga. Ita auta na same ta ne bayan na fid da rai da haihuwa, har mata suna yi mini tsiya wai na haifa wa kaina jika. Tana da shekara ashirin da ɗaya mahaifinta ya kwanta ciwon ƙirji. Damina ɗaya ya yi yana jinya, ya tafi ya bar mu mu biyu a gidan.

Tun tana ƙarama Allah ya yi mata hannu. In ana biki, ita ke zana wa 'yan mata lalle, layinta ba ya rawa. Da ta gama sakandare sai ta zauna tana taya ni banda, hayaƙi yana sa ta tari irin na ubanta, ni kuwa duk ta yi tarin sai gabana ya faɗi. Bayan na fita takaba, ta zo ta zauna gabana ta ce an buɗe makarantar koyon kwalliya a Yelwa, ana koyar da kitso da gyaran fuska da gyaran farce, ita kuma na farce take so.

Na ce, "Akaifa? Wadda masu almakashi ke yanke wa mutane a kasuwa, ita ce sai an je makaranta?"

Ta yi dariya. "Inna, ba wannan ba. Irin wanda amare ke sawa, da matan ma'aikata. Na roba ne, a ɗora a kan naki, a yi masa ado."

"Ruwan alwala fa, ta ina zai shiga?"

"Ba ya shiga."

"To?"

"Masu sawa sun san kwanakin da suke sawa, Inna. Kuma ba duka ne Musulmi ba."

Na yi kwana uku ina juya maganar. Abin da ya rinjaye ni tarin nan ne. Na sayar da kwale-kwalen marigayi don a sa ta makarantar, wannan kuwa ya ɓata wa baffanta rai, yayan mijina, don ya so jirgin ya zauna a hannun 'ya'yansa. Ya zo har tsakar gida ya ce, "Kin sayar da jirgin ƙanena don yarinya ta koyi toshe wa mata alwala." Na ji nauyin maganar ƙwarai. A gabansa na kira ta, na sa ta yi alkawari: ta yi wa duk wadda ta kawo hannunta, amma ita ba za ta taɓa ɗora robar nan a nata farcen ba. Ta ce ta yarda. Baffan ya ce, "Za mu gani," ya saka takalmansa.

Wurin gwaggonta ta zauna a Yelwa. Kowace Alhamis da hantsi ta hawo kabu-kabu ta dawo gida, ta koma ranar Lahadi.

Sau ɗaya na ga makarantar da idona, ranar da na kai kifi kasuwa. Ɗaki ne mai tsawo a saman wani shago. Tun daga matakala wari ya buge ni, kamar an zuba fetur a kan ɓawon lemo. 'Yan mata wajen goma sha biyu suna zaune a jere, kowacce ta ɗaure hanci da ƙyalle, janareto yana ƙara a waje. Da na duba teburin sai na ja da baya ina a'uzubillahi, don hannuwa na gani, yankakku daga wuyan hannu, an ɗaure su a bakin tebur. Duk ɗakin ya fashe da dariya. Auta ta taso da gudu ta ce, "Inna, na roba ne, a kansu muke koyo." Har na bar wurin ban yarda na taɓa ko ɗaya ba.

Malamarsu, wadda suke kira Anti, 'yar kudu ce amma Hausa a bakinta kamar a Yelwa aka haife ta. Ta kama hannuna ta juya shi, ta ga tabon ƙayar kifi da baƙin hayaƙi da faratan da suka yi kauri suka tsattsage. Ta kira ɗalibanta ta ce su zo su gani, wadda duk ta iya gyara wannan hannun ta gama makaranta. Ban ji haushi ba, don cikin ladabi ta faɗa. A ranar na san abokiyar zaman auta, wata gajeriyar yarinya daga garuruwan kan dutse, Kirista, mai yawan dariya. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta ce ita ma Inna za ta riƙa kirana.

Duk Alhamis auta sai ta ba ni labarin abin da aka koya musu, ina gaban murhun banda tana zaune nesa da hayaƙi. Wata guda cur ba a bar su sun taɓa jan farce ba. Wanke kayan aiki kawai, da dafa su, da sanin farce mai ciwo wanda ba a ɗora masa komai sai a ce mai shi ta je asibiti. Daga nan aka koya musu tura fatar gindin farce ba tare da an fid da jini ba, sannan guga. Sai a wata na uku aka ba su garin da ake yin farcen robar da shi, da ruwan haɗa shi. Ta nuna mini: a tsoma ɗan buroshi a ruwan, a dangwali garin, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo, a shimfiɗa shi a kan farce kafin ya daskare. In ruwa ya yi yawa ya malale, in ya yi kaɗan ya tsage. Na ce ashe ƙullun ƙosai ne. Ta ce wallahi Anti ma ba ta iya faɗinsa haka ba.

Wahalar ta fara ne da Anti ta ce hannun roba ya ishe su haka. Roba ba ta gumi, ba ta zabura in an taɓa mata nama, dole kowacce ta nemi hannun mutum ta riƙa gwaji a gida. 'Yan matan kan dutse ba su sha wuya ba, 'yan'uwansu na miƙo hannu. Auta kuwa a garinmu babu mai ba ta sai wadda ke fashin salla. Haka ta riƙa bin gidaje tana tambaya cikin raɗa, mata kuwa suka samu abin tsokana.

"Ga mai duban wata ta iso!"

"Ke 'yar nan, ko maigidana bai san ranata ba, sai ke?"

Wata maƙwabciyarmu mai sayar da ƙuli ta ce mata, "Dawo jibi, tun jiya bayana ke sanar da ni."

Ko waɗanda suka yarda ba su yi mata amfani sosai ba. Matan da ke fere kifi da wankin komar kamun kifi ne, kafin yamma rabin faratan sun ɓalle sun bi ruwa. Wata ma mijinta ya gani ya yi faɗa har ya aiko mini. A ƙarshe dai hannuna ne ya rage.

Muka yi tsari. In na idar da walaha na rufe kifi, sai in zauna a tabarma in miƙa mata hannu. Ta wanke, ta goge, ta ɗora, ta yi ado, ta ɗauki hoto da wayarta don ta nuna wa Anti. Kafin a kira azahar ta cire duka, in yi alwala ruwa ya taɓa ko'ina. Ban taɓa bari ya wuce azahar ba ko sau ɗaya.

Ranar farko da ta gama, ta ɗaga hannuna sama tana kallo, baƙin hannu da jajayen farata dogaye. Ta ce, "Inna, da wanga hannu in kika shiga Yelwa sai kin fito da miji."

Na ce, "Ubanki da ƙayar kifi ya gan shi ya biya sadaki. Cire mini, ja'ira, ko ƙaiƙayi ba na iya sosawa."

Cirewar ta fi sawar cin lokaci. Ba a ɓamɓara da ƙarfi, in an ɓamɓara yana tafiya da fatar farcen gaskiya. Sai ta fara goge ƙyallin saman da magogi. Ta jiƙa auduga da wani ruwa mai sanyi a fata da ke cikin farar kwalba, ta ɗora a kan farcen, ta naɗe yatsan da takarda mai ƙyalli irin ta cikin kwalin sigari. Sai a jira. In ya jiƙu robar takan yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa, ta ture shi da ɗan tsinke. Wata safiya da aka tashi da ruwan sama, hannuna ya yi sanyi, muka jira muka gaji bai yi laushi ba. Ta ce, "Inna, sa hannun a hammata. Ruwan nan ba ya aiki sai da ɗumin jiki." Na sa, kafin jimawa ya saki. Haka muka yi ta yi kusan wata uku, har ya zama ina sanin lokacin da ya nuna tun kafin ta buɗe.

Waɗannan safiyoyin su ne abin da ya fi mini daɗi tun rasuwar mahaifinta. Tun da aka haife ni babu wanda ya taɓa riƙe hannuna tsawon haka yana lallaɓa shi. Tana aiki tana ba ni labarin shagon da za ta buɗe a Wara, da kujerar da za ta ajiye mini a bakin ƙofa, in daina shaƙar hayaƙi. Tarinta ma ya ragu.

A wata na shida suka yi jarrabawar ƙarshe. Ta gaya mini tun kafin lokacin cewa za a yi, amma ba ta faɗa mini yadda ake yi ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar Alhamis ɗin baffanta ya zo da hantsi shi da wani dattijo abokinsa, kan maganar gyaran katangar da ke tsakanin gidajenmu. Na shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, muna cikin magana na ji tsayuwar babur. Ta shigo da sallama, jakar kayan aikinta a kafaɗa, fuskarta cike da murna. Ta durƙusa gaida baffanta, ta dafa ƙasa da hannu biyu. Nan muka gani gaba ɗaya. Farata goma, dogaye, ruwan hoda, da ɗan farin zane a bakin kowanne.

Baffan ya ɗauke ido daga kanta. Ni ya kalla, ya ce, "To, ga shi mun gani."

Na ce, "Mene ne wannan a hannunki?"

"Inna, jarrabawa ce. Biyu-biyu aka haɗa mu, kowacce ta yi wa 'yar'uwarta. Ni na yi wa ƙawata, ita ta yi mini."

"Ɗauko kwalbar ki cire shi yanzu."

"Anti ta ce a bar shi kwana uku a ga ko zai ɗaga. Ran Lahadi za ta duba. In na cire, ƙawata ta faɗi, wata shidanta ya tafi a banza."

"Kwana uku? Salla goma sha biyar za ki zubar saboda jarrabawar wata?"

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce a hankali, "Inna, zo ɗaki in gaya miki wata magana."

Wannan ita ce gaɓar da nake komawa kullum. Taku biyar ne tsakanina da ƙofar ɗakin. Amma idon baffanta na kaina, abokinsa na ta girgiza kai, ni kuma na ga kamar so take ta ja ni gefe ta lallashe ni yadda ta saba, a ce tsohuwa ba ta iya riƙe ɗiyarta. Na ce, "Babu ɗakin da zan shiga. In kina da magana faɗe ta nan gaban ubanki."

Ta ɗago ta dubi baffanta, ta dubi baƙon, ta mayar da kai ƙasa.

Na ce, "Tunda ba ki da ta cewa, tashi ki koma inda aka sa miki. Ba za ki kwana gidan nan da hannun da ruwa ba ya taɓawa ba. Ranar da kika cire, ki dawo."

Ta tashi. Ta ajiye jakar a bakin ƙofar ɗaki don tana da nauyi, ta ciro mini ƙullin goro da ta sayo mini ta ɗora a kai. Ta ce, "Sai Lahadi, Inna." Ban amsa ba. Ko ruwa ba ta sha ba. Mai babur ɗin da ya kawo ta bai riga ya bar gari ba, shi ta sake hawa.

Ana kiran azahar wani mai mota ɗan garinmu ya tsaya a ƙofar gida da mugun labari. Wata babbar mota mai ɗauke da buhunan shinkafa ce ta kauce wa rami ta hau kan auta da mai babur ɗin, ba su ma yi nisa ba. Mai babur ya karye a ƙafa. Ita kanta ne ya bugu da dutse, ko shurawa ba ta yi ba. Da ɗan garin namu ya gane ta sai ya sa aka ɗauko ta a motarsa. Ban san abin da na yi a lokacin ba. An ce na zauna a ƙasa ina tambayar mutane ko ta ci abinci.

Liman ya ce a yi sauri a sallace ta bayan la'asar. Aka shigar da ita ɗakina. Tsohuwar da ke wankan gawa a garinmu ta zo, maƙwabciyata mai ƙuli ta shiga taya ta. Ni aka zaunar da ni a rumfa cikin mata, don a wurinmu uwa ba ta shiga wankan ɗiyarta. Ba a jima ba mai ƙuli ta leƙo tana neman wuƙa ƙarama. Na tambaye ta ta mece ce. Ta ce akaifun ne suka ƙi fita. Sun zuba ruwan zafi, sun ja, ko motsi.

Na miƙe. Mata suka riƙe ni, na fizge. Na ɗauki jakar nan daga inda ta ajiye ta, na shiga.

An rufe ta da zane har wuya, an ɗaure kan da ƙyalle inda ya fashe. Fuskar ba abin da ya same ta. Mai wanka tana riƙe da hannun dama, ta riga ta fara cusa tsinken tsintsiya ƙarƙashin farcen babban yatsa. Na ce ta saki.

Ta ce, "Haba uwar marigayiya, fita. Ba a yanke wa gawa akaifa, na sani, amma wannan dole a ɓamɓare shi, in ba haka ba wanka bai cika ba."

Na ce, "In kika ɓamɓara zai tafi da nata. Ba haka ake yi ba."

"Ke kin san yadda ake yi?"

"Na sani."

Aka aika a tambayi liman. Ya aiko cewa in zai fita ba tare da an cutar da ita ba a cire, in ba zai fita ba a bar shi, Allah ya san uzuri. Mai wanka ta ce to a bar shi. Na ce a'a. Saboda ruwan nan na kore ta, ba za ta shiga ƙasa ruwa bai taɓa su ba.

Na zauna na ɗora hannunta a cinyata. Na ciro magogi na goge ƙyallin saman ɗaya bayan ɗaya, yadda take yi mini. Aikin ƙawarta ya yi kyau, ko ɗaya bai ɗaga ba. Na ɗaga farar kwalbar na ga ruwan bai kai rabi ba, don haka na riƙa yagar audugar ƙanana. Na jiƙa, na ɗora, na naɗe. Idona ba ya gani sosai ga hawaye, mai ƙuli ce ke yanko mini takardar mai ƙyalli tana miƙo mini. Muka naɗe goma, muka jira.

Da lokacin da na saba ya yi, na buɗe ɗaya. Yana nan da ƙarfinsa kamar ƙashi. Na mayar na ƙara jira, na sake buɗewa, bai canza ba. A waje na ji an dawo daga haƙa kabari, baffanta yana tambaya me ake jira. Mai wanka ta ce, "Kin gani ko? Abin nan ba na cirewa ba ne."

Sai na taɓa tafin hannun na ji sanyinsa. Na buɗe rigata, na kama hannuwan biyu na cusa su a hammatata, ɗaya dama ɗaya hagu, na matse. Dole sai da na sunkuya a kanta, fuskata dab da tata, kamar lokacin da nake ba ta nono. Ƙamshin man da take shafawa yana nan a wuyanta. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. An kira la'asar ina haka. An ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu, mai ƙuli ta ce musu su jira, a na biyun har da tsawa.

Da na ciro su, robar ta saki. Na ture ta da tsinken, tana faɗowa a kan zanena. Tara suka fita tas. Ƙaramin yatsan hagu ne audugarsa ta zame ta bushe, kwalba kuma ta ƙare. Shi sai na bi shi da magogi a hankali, ina hurawa ina dubawa, har na iso farcenta na gaskiya. Ban ji mata ciwo ba. Faratanta suka fito gajeru, farare, irin na mahaifinta.

Na ce wa mai wanka, "Bismillah."

Da na tsaya nan na fita, da wataƙila yau ina da ɗan abin da zan riƙe. Amma na ce zan zuba musu ruwa. Mai wanka ta sa hannu ƙarƙashin zanen don ta kwance mata ɗan kamfai, sai na ga ta tsaya. Ta dubi mai ƙuli. Ta jawo abin a hankali tana so ta ɓoye shi a bayanta, amma na riga na gani. Audugar mata ce, da jini a jikinta, ba kuwa jinin hatsari ba.

Fashin salla take yi. Babu salla ko ɗaya a kanta a kwanakin nan, balle ta zubar. Maganar da ta kira ni ɗaki ta gaya mini ke nan, wadda ba za ta iya faɗa a gaban baffanta da baƙo ba ko za a yanka ta. Ni da na yi wata uku ina jin mata suna tsokanarta da duban wata, ni da na san masu sawa sun san kwanakin da suke sawa, ban tuna ba. Na daɗe da daina gani, kuma fushi ya rufe mini ido.

Butar ta faɗi daga hannuna. Mai ƙuli ta ɗauka ta sake cikawa. Mai wanka ta yi mata alwala, na ga ruwa ya bi yatsun goma ya sauka, sau uku-uku, sannan aka yi sauran wankan aka sa ta a likkafani. Rana ta yi ƙasa sosai kafin a fita da ita, amma an rufe ta kafin magariba.

Ranar addu'ar uku ƙawarta ta zo tare da Anti. Yarinyar ta faɗi a jikina tana kuka, faratan da auta ta yi mata suna hannunta, ta ce ba za ta cire ba sai sun faɗi da kansu. Ita ta gaya mini sauran. Tun farkon wata auta ta je ta roƙi Anti a ɗaga musu ranar jarrabawa su biyu zuwa wancan makon, ta ce ta yi wa innarta alkawari, ba za ta iya sawa ba sai a kwanakin da ba ta salla. Anti ta yarda, sauran ɗalibai duk sun riga su gamawa da mako biyu. Ta so ta gaya mini tun kafin ranar, kunya ta hana ta, ta ce in ta zo gida za ta faɗa mini a ɗaki.

Baffanta bai san wannan ba har yau. Yana gaya wa mutane cewa na yi abin da ya kamata uwa ta yi, kwana ne ya ƙare. Na sha ɗaura niyyar in je in faɗa masa, in na kai ƙofar gidansa sai in ga ba maganar da mace ke yi wa yayan mijinta ba ce, in gaishe shi in dawo. Na tambayi matar liman ta tambayar mini mijinta ko ina da alhakinta. Ya ce ajali ba ya wuce lokacinsa, in yawaita yi mata addu'a. Ina yi. Amma ba ajalin na tambaya ba.

Shi ya sa na ce a rubuta. In na mutu a karanta wa yayyenta da baffanta, su san yarinyar nan ba ta zubar da salla ko ɗaya ba. Ta kira ni ɗaki, ni ce ban shiga ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta yafe mini.